Jinkar Rumbun Labbo

Labbo ya ɗaure igiyar ƙarshe a jikin jinkar, ya ja da baya yana dubanta. Kwana tara yana fama da ita shi kaɗai a tsakar gidansa a Turba. Saura a ɗaga a ɗora kan rumbu, aikin da ko ƙarti shida sai sun yi nishi. Ga gero dami ashirin a ciki, rumbu baki buɗe, ga hadari yana haɗowa daga gabas.

Da can wa ke roƙo a ɗaga masa jinka? Ka ajiye fura, ka leƙa waje ka yi magana, kafin ka rufe baki samari sun cika gida. Furar kam ya saya, ƙwarya guda. Ya bi unguwa gida-gida yana sallama, mata na amsawa daga ciki, amsar duk ɗaya: sun bi mota, sun tafi haƙar dutse. Wai manyan ƙasashe ne ke ta zuba kuɗi a ƙera makamai, dutsen da ake sawa ciki ya yi tsada, har wanda bai taɓa riƙe diga ba ya zama mahaƙi.

Maƙwabcinsa Is'haƙa kaɗai ya biyo shi, yana dogara sanda. Suka kama gefe guda, jinka ko gezau. Is'haƙa ya kurɓi fura, ya ba shi haƙuri, ya koma.

Sai Labbo ya kira ɗansa Yari a waya, wanda wata bakwai ke nan rabonsa da gida. Yari ya ce raminsu ya fara ba da dutse, duk wanda ya ɗaga yanzu wani zai gaje wurinsa.

"Baba, bayan salla za ni zo."

"Wace sallar?"

Ƙarar inji kawai ya ji, layin ya yanke. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, ga shi babu wanda zai faɗa wa.

Iska ta taso. Labbo ya buɗe ɗan ɗakin Yari, wanda yake sharewa kowace Juma'a. Ya naɗe tabarmar, ya jingine gadon da bango. Ya hau rumbu yana jefo damman ƙasa, ya sauko yana kai su ciki ɗaya bayan ɗaya.

Da yayyafi ya fara sauka, gero ya cika ɗakin har bakin ƙofa, babu inda mutum zai kwanta. Ya ja ƙofar, ya danna kwaɗo.