Sabuwar Taraktar Marlys

Karo na bakwai ke nan injin ya mutu. Marlys Tiedemann ta zauna a kan kujerar sabuwar taraktar yankan ciyawa, hannayenta a kan sitiyari, tana kallon ɗan layin da ta samu ta yanke tun safe. Bai kai tsawon igiyar shanya ba. Sauran filin gidan kuwa, eka biyu cur, ciyawa ce har ƙwauri, ta sha ruwan watan Mayu ta yi kore shar.

Ta sake murɗa makulli. Injin ya tashi da ƙara mai daɗin ji, taraktar ta tafi sumul kamar taku goma, tayar gaba ta hau wani ɗan tudu, Marlys ta ɗan yi sama daga kujera, shi ke nan, ɗif.

"Tir da ke," in ji ta. "Ko kwana uku ba ki yi a gidan nan ba, har kin koyi rainin hankali."

Shekararta saba'in da huɗu, arba'in da tara daga ciki a wannan gida ta yi su, a bakin hanyar tsakuwa a arewacin jihar Iowa ta Amurka, masara hagu masara dama. Mijinta Arlo ne mai yankan ciyawa har ya rasu a watan Nuwamba, tsohuwar taraktarsa kuma ba ta taɓa jin maganar kowa ba sai tasa. Ranar Ista ɗansu Kendall ya zo daga birnin Des Moines, ya ci ya ƙoshi, sannan ya ajiye takardar wani gidan tsofaffi kusa da farantinta. Ya ce ba korar ta yake yi ba, a dai ga yadda filin zai kasance bana. In ta iya riƙe shi da kanta, ba zai ƙara ɗaga maganar ba. Ba ta yi masa musu ba, don ta sani a wannan yanki ba a tambayar tsoho lafiyarsa, ciyawar gidansa ake dubawa daga cikin mota. Shi ya sa ta sayi taraktar ranar Alhamis. Yau Asabar, gobe kuma Kendall zai zo.

Ta sauka, ta bar abar a tsakiyar fili, ta ɗauki mota sai gari.

Shagon da ta sayi taraktar cike yake da manoma, kowa da ƙarfen injinsa da ya lalace a hannu. Ta fi awa ɗaya a tsaye kafin Duane, makanikin da ya kawo mata taraktar, ya fito yana goge hannu da tsumma. Ta zayyana masa komai, ranta a ɓace. Ya saurara, ya dube ta daga sama har ƙasa, sai ya fara sosa ƙeya.

"Marlys, kar ki ji haushi. Nauyinki nawa?"

"Ina ruwanka da nauyina? Tarakta na saya, ba riga ba."

"To ai matsalar ke nan. Akwai wani ɗan maɓalli a ƙarƙashin kujerar. In ya ji babu mutum a kai, sai ya kashe injin, don kar wani ya faɗo wuƙa ta bi ta kansa. Ke kuma da kin hau gargada kin ɗan ɗaga, sai ya ɗauka ba kowa."

"Ba kowa," ta maimaita. "Ina zaune a kanta da raina da lafiyata, ita kuma ta ce ba kowa."

Wani manomi da ke bayanta ya yi dariya ya ce ta riƙa ƙara cokali biyu a abinci. Ta juya ta yi masa wani kallo, ya mayar da idonsa kan ƙarfensa.

"Cire mini shi," ta ce wa Duane.

"Haba dai. In cire, ki faɗi, Kendall ya maka ni kotu? Ba da ni ba." Ya rage murya. "Amma hatsin tsuntsaye na nan a bakin ƙofa, buhu laba arba'in. Ni dai ban ce ki ɗora komai a cinya ba."

Ta sayi buhun. Duk hanya tana tuƙi tana tsaki, amma can ƙasan zuciyarta ta ɗan ji sanyi. Rana ba ta yi nisa ba, in ta fara yanzu za ta gama kafin cin abincin yamma.

Tun daga kan kwana ta ji warin ɗanyar ciyawa. Da ta shigo gida sai ta taka birki ta tsaya, ta kasa ko kashe motar. An yanke filin tas, daga bakin hanya har bayan rumbu, an zagaye kowace bishiya, an ma ture sabuwar taraktarta gefe an ajiye ta a inuwa. Kuma layukan yankan a karkace suke, daga kusurwa zuwa kusurwa, ɗaya mai haske ɗaya mai duhu. Mutum ɗaya ne tak yake yanka haka a duk gundumar, har yaran makaranta sun san hannunsa. Kendall kuwa yana kallon waɗannan layuka ta tagar ɗakinsa ya girma.

Ga mai aikin can yana ƙoƙarin fita a kan ƙatuwar taraktarsa. Verlyn Hoekstra, maƙwabcinta, ya kashe inji ya ɗaga hularsa, fuskarsa ja wur da rana, murmushi har kunne.

"Na hango ta tsaye tsakiyar fili tun safe, na ce lallai ta ƙi ki. Minti arba'in kawai ya ɗauke ni."

"Verlyn, ai da ba ka wahalar da kanka ba."

"Wace wahala? Lokacin da aka yi mini aikin gwiwa, wa ya yanke nawa wata biyu? Arlo ne. Ki bar mini shi kawai, duk Asabar zan riƙa leƙowa."

Duk Asabar. Ta so ta yi masa ihu, ta ce wa ya aike ka, amma ba a yi wa maƙwabci haka. Mutumin da ya yanke maka ciyawa ba ka roƙe shi ba, godiya ake yi masa, a kuma aika masa da kek kafin mako ya zagayo. Ita kanta ta gasa irin wannan kek ɗin ya fi a ƙirga, ta kuma san gidajen da aka fara yi wa yankan Asabar, ta san masu su a gidan tsofaffi suke yanzu.

"Na gode, Verlyn. Ka gaida matarka Joyce."

Ta jira har ƙararsa ta ɓace. Sannan ta jawo buhun daga mota, tana nishi, ta ja shi a ƙasa har gindin taraktar. Sau uku tana ɗagawa yana zamewa, a na huɗu ta samu ta hau ta rungume shi a cinya. Ta murɗa makulli, ta saki wuƙaƙe, ta nufi bakin fili. Tayar ta hau tudun nan na ɗazu, injin ko gezau.

Ta fara daga waje tana zagayawa zuwa ciki, yadda Arlo yake yi. Babu abin da wuƙaƙen suke yankewa, amma duk inda ta bi ciyawar tana kwantawa ta wani ɓangaren, karkatattun layukan Verlyn suna gogewa ɗaya bayan ɗaya. Ƙafafunta suka yi tsami a ƙarƙashin buhun, ƙura ta cika mata baki, haushi kuma bai sake ta ba. Sai dai a zagaye na goma ta lura ta iya kwana ba tare da ta rage gudu ba, ta kuma ji daɗin hakan ƙwarai.

Saura ɗan da'ira a tsakiya ta hango mota a bakin rumbu. Ba ta san tun yaushe take wurin ba. Kendall na tsaye jikin motar, da tsofaffin takalman aiki a hannu. Ta ɗaga masa hannu da fara'a, ta ƙarasa da'irar don ya gani da idonsa, sannan ta zo gabansa ta kashe injin da kanta.

"Ba gobe muka yi da kai ba?"

"Na ce bari in zo yau in taya ki." Bai yi murmushi ba. Ya dubi buhun da ke cinyarta, ya dubi bakin taraktar inda ciyawa ke fita, wanda yake a bushe ƙayau. Ya sunkuya ya shafa ƙasa da tafin hannu. "Mama, na fi minti ashirin a nan. Babu abin da yake fita. Wannan filin ai an riga an yanke shi."

Ya miƙe ya dube ta.

"Wa ya yanke shi, Mama?"

Muryar ce ta fi ba ta tsoro, don a hankali ya yi tambayar, irin yadda ake yi wa mara lafiya. In ta ce Verlyn, ta kasa riƙe filin ke nan. In ta ce ita ce, to ga tsohuwa rungume da hatsin tsuntsaye tana zagaya filin da ta manta ta yanke. Ta dubi da'irorin da ta yi, sun fito ras, babu karkataccen layi ko ɗaya.

"Ni na yanke," ta ce.

Kendall ya gyaɗa kai a hankali. Ya ajiye takalman, ya ɗauke buhun daga cinyarta, ya miƙo mata hannu biyu.

"To, Mama. Ya yi kyau sosai. Sauko mu shiga ciki."