Ƙarƙashin Baƙar Tawada

"Wa ya ce a rataye zane-zanen nan a jikin taga?" Mai zane ta tambaya.

"Haba baiwar Allah, bango ya cika," in ji mai ɗakin baje kolin. "Ga baƙi har sun shigo."

Ita dai haka hannunta ya saba. Ba ta iya zana abin rufe fuska sai ta fara fitar da fuskar mutum tsaf da siririn alƙalami, sannan ta bi da buroshi ta binne ta da baƙar tawada. Masu saye ba su san akwai kowa a ƙarƙashin tawadar ba. To amma takardar shara-shara ce, ga ranar la'asar tana gangarowa ta bayan gilashi.

Fuskar da ke ƙarƙashin zanen tsakiya ta ƙanenta ce, Auta. Tun da ya ba da shaida a kotu 'yan fashi ke farautarsa, sai aka ce ruwa ya tafi da shi, aka yi zaman makoki. Ita da kawunsu kaɗai suka san ɗakin da yake ɓoye. Ko Mama ba a gaya wa ba, don cikinta ba ya riƙe magana, kuma kukanta na gaskiya shi ya sa kowa ya yarda.

Tsoro ya kama mai zane. Ta kutsa cikin mutane za ta ciro takardar, sai ta hango wani dogon mutum gab da tagar, hannu a aljihu. Ta gane shi. Ranar makoki ya zo gaisuwar Auta, ya daɗe zaune, har yau babu wanda ya san ko ɗan gidan wa ne.

Hasken ya sauka. Tawadar ta koma kamar ruwan shayi, hanci ya fito, idanu suka fito suna kallon ɗakin.

Mama, da ke cikin baƙin, ta riga ta isa gaban zanen, ta dafa gilashin.

"Wayyo Autana! Shi ne wallahi!"

"Daga ka na zana shi, Mama, kewa ce kawai. Zo mu zauna."

Mama ba ta motsa ba. Ta bi haɓar da yatsa a hankali, ta juyo, ta ɗaga murya yadda ta saba:

"Ke 'yar nan, yaushe ya tara gemu?"

Dogon mutumin ya ciro hannunsa daga aljihu, da waya a ciki.