Jaka Ɗaya da Ta Rage a Shafi

Mai Jaka ake ce masa a layinsu, ko da yake bai taɓa ɗinka jaka ba. Matarsa ce mai ɗinkin. Shi nasa waya ne: ya ɗauki hoto, ya ɗora a shagonsu na kasuwar intanet, ya rubuta farashi da adadin da ya rage, in oda ta shigo ya naɗe kaya ya miƙa wa mai babur.

Lokacin da take kwance a asibiti bai tuna ya gyara adadin ba. Oda biyu suka shigo na kayan da babu su, ya soke. Kasuwar ta aiko masa da gargaɗi: in ya soke ta uku, za a rufe shagon da duk abin da ke cikinsa.

Bayan rasuwarta ya bi kayan ɗaya bayan ɗaya yana mayar da adadinsu sifili. Duk wanda ya kai sifili, shafinsa sai ya ɓace daga idon masu saye. Da ya zo kan na ƙarshe, wata jakar fata ruwan ƙasa mai aljihu biyu, sai ya tsaya. A hoton hannunta ne ke riƙe da igiyar jakar. A ƙasa kuma ga maganganun waɗanda suka saya, suna sa wa hannun albarka. Ya bar adadin a ɗaya. Don kada kowa ya saya, ya yi dabarar da 'yan kasuwar ke yi: ya ninka farashin har ya wuce hankali.

Kowace safiya yakan buɗe shafin kafin ya sha shayi. A gefen hoton akwai ɗan rubutu da ke cewa mutum kaza na kallon wannan kaya yanzu. Wani lokaci biyu, wani lokaci babu kowa sai shi.

Ranar da odar jakar ta shigo, Auta, ƙanwar matar, tana gidan. Ta zo kwashe zare da guntayen fata daga ɗakin ɗinki. Ta ji ƙarar wayar, ta ga yadda ya zauna a kan kujerar keken ɗinki.

"Mai Jaka, lafiya? Ka yi kamar wanda mai gidan haya ya kira."

Ya miƙa mata wayar. Ta karanta, ta sake karantawa.

"A wannan kuɗin? Wace ce wannan, kuɗi ke mata ƙaiƙayi?"

"Ta biya har da kuɗin kaiwa gida."

"To ai babu jakar."

Auta ta bi idonsa zuwa bayan ƙofa, inda jakar yayarta ke rataye a ƙusa. Ita ce ta cikin hoton. Da ita aka je asibiti, da ita aka dawo, ba wanda ya buɗe ta.

"A'a, Yaya," in ji ta. "Wannan kam a'a. Ka ɗauki hoton shafin ka ajiye a waya, su rufe shagon in sun ga dama."

"Ina da hoton. Ba ɗaya ba ne. Can mutane suna wucewa suna ganinta."

Akwai hanya guda. In mai saye ce ta soke da kanta, ba a rubuta wa shago laifi. Ya tura mata saƙo cikin ladabi yana roƙon haka. Ba a jima ba ta kira. Muryar babbar mace ce, ana jin hayaniyar yara a bayanta.

"Malam, in soke kuma? Ka san tun yaushe nake bin jakar nan? Na taɓa sayen irinta a wurinku, ɓarawo ya fizge min ita a tasha. Kullum na leƙa sai in ga kun ƙara kuɗi, na ce to, kafin ku kai ta sama gara in rufe ido. Ka gaya wa madam ta ji tsoron Allah da tsada, amma hannunta babu na biyu."

Ya buɗe baki zai faɗa mata madam ta rasu. Tun ranar jana'iza ya faɗi maganar ga mutane da yawa, har ga mai karɓar kuɗin wuta. Amma wannan matar ita kaɗai ta rage da ke cewa "ka gaya wa madam".

"Za ta ji," ya ce. "Sai dai wadda ta rage an ɗan riƙe ta, ba sabuwa fil ba ce."

"In ɗinkin bai saki ba, turo min."

Auta ta fita tsakar gida, ta bar shi. Ya sauko da jakar, ya zazzage ta a kan teburin yanka. Tef ɗin awo, alli rabi, makullin tsohon shagon da suka bari, man leɓe, alewar tari guda uku. Ya tura su gefe da bayan hannu. Ya goge fatar da mai, ya shafa wa zif ɗin kyandir don ya daina cijewa, kamar yadda ya ga tana yi. Ya cusa takarda a ciki don ta tsaya da kyau, ya sa a leda, ya sa a kwali, ya bi da salatif.

Mai babur ya iso da la'asar.

"Oga, kwana biyu! Na ce ko kun koma wata kasuwar ne. Kaya sun dawo ke nan?"

"Wannan ce kawai."

Ya ɗaure kwalin a baya, ya ɗauki hoton lambar odar, ya tafi. Mai Jaka ya danna inda aka rubuta an tura kaya. Saƙo ya fito cewa shagonsa na cikin kyakkyawan matsayi.

Sai ya koma shafin. Adadin ya sauka sifili da kansa, kamar yadda yake yi bayan kowane ciniki. Ya fi kowa sanin haka, amma duk yinin bai tuna ba. Ya fita daga asusunsa, ya nemi jakar kamar mai saye, ya rubuta sunanta harafi bayan harafi. Jakunkunan wasu suka fito.

Auta ta dawo ta tsaya a bayansa, ta ga allon.

"Ai da sauƙi," ta ce a hankali. "Sake sa ɗaya, ka ƙara kuɗin."

Ya buɗe akwatin adadin. Ya daɗe da yatsa a kai.

"Ɗayan me?" ya ce.