Aljihun Baba

Manhajar da Baba ya rubuta wa ɗakin karatun unguwarmu ta yi shekara ashirin da biyu tana aiki, har shi ya rasu ya bar ta. Da za a sauya ta, ni aka kira, wai tunda 'yarsa ce ni kuma sana'armu ɗaya. Shugabar wurin ta ce ranar Litinin za a goge tsohuwar kwamfutar. Duk abin da ban kwashe ba, ya tafi ke nan.

A sabuwar manhaja kowane mai karatu yana da gurabensa: suna, lambar kati, littattafan da ya ara. Aikina in nuna wa kowane bayani na tsohon fayil gurbin da zai zauna. Wanda bai samu gurbi ba, manhajar ba ta ƙorafi, watsar da shi take yi shiru. Kafin tsakar rana na gama, gwaji ya fito tsaf, har ina yaba wa kaina.

Amma hankalina ya ƙi kwanciya, don na san halin mutumina. Makullin gida ma a ambulan yake sakawa, ambulan a gwangwanin alewa, gwangwanin a aljihun tebur, sannan ya zo yana tambayar Mama wa ya ɗauke masa. Mai wannan hali ba zai bar fayil a shimfiɗe ba.

Na buɗe fayil ɗin na fara gangarawa. Mai karatu, cikinsa kati, cikin kati aro, cikin aro littafi, cikin littafi ranar maidowa. A nan aikina ya tsaya. Ashe akwai hawa na shida a ƙasa, ya raɗa masa suna aljihu.

Duk abin da aka manta cikin littafi, a nan yake rubutawa. Busasshen fure, hoton wata amarya, wasiƙar da ba a aika ba, kowanne da lambar shafinsa. Ina karantawa ina jin muryarsa, kewarsa ta taso min.

Shugabar ta leƙo ta ce ba wanda ya taɓa neman tarkacen nan, kada in wahalar da kaina. Na buga lambar katina na yarinta. Layi ɗaya ne a aljihun: "Haƙorin 'yata, shafi na sha biyu. Tana ta kuka wai ya ɓata. Yana wajena, sai ta girma in ba ta."

Na ƙara gurbi a sabuwar manhaja, na bar masa sunansa, na kwashe komai. Sannan na kira Mama na tambaye ta gwangwanin alewar nan.

"Yana nan inda ya bar shi," in ji ta. "Akwai ma wata 'yar ambulan a ciki da sunanki. Ai na ɗauka kin sani."