Ranar da Injin Baba Ya Niƙa Iska

Tana cikin matse wanki ta ji kukan injin ya canja. Shekara shida ke nan matar tela tana raba katanga da rumfar Baba Mai Inji, kunnenta ya san muryar injin nan kamar yadda ya san tarin mijinta. In da hatsi a ciki, ƙarar mai kauri ce, har da nishi. Wannan kuwa siririya ce, ƙarfe na cin ƙarfe. Baba bai taɓa barin injinsa ya yi haka ba, ko na minti ɗaya.

Ta waiga tsakar gida. 'Yarta mai shekara uku, wadda Baba ya laƙaba wa Injiniya, ba ta kan tabarma. Ƙofar waje a buɗe.

Da safiyar nan, da ta kai niƙa, ta tarar ya kwance ragar da ke rufe bel da ƙatuwar tayar ƙarfen da ke juya injin, ya jingine ta a bango.

"Baba, wannan ragar fa?"

"Tayar ce ke rawa, 'yata. Wani ɗan ƙarfe da ke riƙe ta ne ya saki. Sai na gan ta tsirara tana juyawa zan gane inda ciwon yake."

"To yau Injiniya ba ta zuwa aiki."

"Haka kawai za ki sallamar mini ma'aikaciya? Wa zai ɓatar mini da sufana?" Ya yi dariya yana murza kafaɗarsa ta hagu. Sai ya daina dariyar. "Gaskiyarki. Riƙe ta a gida. Tayar nan ba ta san yaro ba, ba ta san babba ba."

Yanzu ga ta tana gudu da kumfa a hannu, ba ko takalmi.

Rumfar ta yi fari da ƙura. Gari ya cika roba ya zube, ya yi tudu a ƙasa, alamar an daɗe ba a kwashe ba. Durom ɗin ruwan da ke sanyaya injin yana ta tururi. Tayar kuwa tana gudu tana karkacewa, bel yana marin iska. Baba na zaune a kan bencinsa, bayansa a bango, idonsa a kan tayar. Injiniya na tsaye gabansa, tsakaninta da bel bai fi taki ɗaya ba. Hannunsa na dama ya damƙe bayan rigarta.

Yarinyar ta nuna ƙarƙashin bel da yatsa. Ƙara ba ta bari a ji ta ba, amma uwar ta ga abin: takalmin yarinyar ɗaya ne a can.

"Kar ki motsa," ta faɗa a kunnenta. "Baba, sake ta, na zo. Baba?"

Gari ya kwanta a kan ƙwayar idonsa, bai ƙifta ba. Ta taɓa hannun, ta ji shi kamar ƙarfen ƙofa da safe.

Ta gwada jan yarinyar a hankali. Yatsun ba su buɗe ba, sai ma jikinsa ya fara rinjayowa gaba, wajen bel. Ta saki da sauri, ta mayar da kafaɗarsa bango.

Ta ƙara ɗaure zani, ta tura bakin ɗankwali ciki, ta bi jikin bango ta zagaya bayan injin. Sau ɗaya ya taɓa nuna mata, ranar da ya ce maƙwabcin inji ya kamata ya san yadda ake kashe shi. "Ba a jan bel, ba a cusa itace. Ki rufe famfon mai, ki jira. Ko ya mutu, tayar tana da sauran fushi a cikinta." Ta laluba ɗan famfon da ke ƙarƙashin tanki. Ya ƙona mata yatsa, ta murɗa shi duk da haka.

Injin bai ko nuna ya ji ba, yana shan abin da ya rage a bututu. Ta dawo ta durƙusa tsakanin yarinyar da bel, ta rungume ta, iskar bel tana kaɗa mata zani a baya. Can ya yi tari, ya sake yi. Tayar ta ci gaba ita kaɗai, tana ragewa, tana ragewa, har sandunan cikinta suka fito ana iya ƙirga su. Ta tsaya, ta ɗan koma baya, ta tsaya.

Shirun ya cika mata kunne.

"Mama, ban motsa ba," in ji Injiniya. "Baba ya ce in tsaya har ki zo."

"Kin kyauta, uwata. Tun ɗazu ya faɗa miki?"

"A'a, yanzu. Da kika shigo ya ce, ga ta nan."

Matar tela ta dubi bakin tsohon. Gari ya rufe leɓɓansa, lumui, ko tsaga babu.

Ba ta sake tambaya ba. Ta ɓalle maɓallan rigar ɗaya bayan ɗaya, ta zare hannuwan yarinyar, ta fito da ita daga ciki, ta goya ta, ta tamke goyon sosai. Sannan ta sa gefen zaninta ta share masa fuska, ta shafa idanun suka rufe.

"Na karɓe ta, Baba," ta ce a hankali. "Allah ya jiƙanka."

A bakin ƙofa, kafin ta je kiran ɗansa, ta juya. Rana ta shigo ta hudar kwano, ƙura na sauka a cikinta. 'Yar rigar ruwan ɗorawa tana rataye a hannunsa, bai sake ta ba.