Shekara Biyun Najiba

Duk ranar Asabar bayan Azahar, Rahinatu takan buɗe ɗakin ƙungiyar matasa da ke lungun mahauta a unguwar New Bell ta birnin Douala, ta zauna jiran ɗalibai. Sauran kwanakin mako tana aiki a wani ofishin inshora a Bonapriso. Wannan na Asabar ba wanda ya sa ta, ba kuma wanda yake biyanta. Haushi ne ya sa ta fara. Ta gaji da ganin 'ya'yan unguwa suna shekara shida a kan digirin shekara uku, ba don ba su da kai ba, sai don ba wanda ya taɓa zaunar da su ya ce ga darasin da za ka fara ɗauka, ga wanda zai jira. Yaro ya faɗi darasi ɗaya, ya maimaita shekara sukutum, iyaye su ce haka Allah ya so, a wuce wurin.

Da rikicin yankin masu magana da Ingilishi na ƙasar ya yi tsanani, sai aikin ya sake kama. Kowane mako motoci na sauke mutane daga Bamenda da Kumba, da katifu da tukwane, da yaran da karatunsu ya tsaya a tsakiya. A cikinsu Najiba ta zo, doguwa, siririya, ba ta son magana. Ta zaro takardunta daga cikin leda a ƙarƙashin hijabi, ta miƙa da hannu biyu.

Rahinatu ta duba, ta sake dubawa. Aikin gwaje-gwajen asibiti yarinyar take karanta, ta gama shekara biyu cikin uku, ba ta faɗi ko ɗaya ba.

"Ke, wannan makin duk naki ne, ko kin haɗa da na maƙwabta?"

Najiba ta yi ɗan murmushi. "Nawa ne, Yaya."

"To saurara. Akwai wata makaranta a Ndogbong da ke koyar da irin wannan. Suna da kwamiti, sau ɗaya yake zama a shekara, farkon zango. Za su ɗauki abin da kika ci a can su gwada da nasu, duk wanda ya yi daidai su ƙirga miki shi. Yadda na gani, aji uku za su sa ki, sai dai ki ƙara darasi biyu saboda Faransanci. Shekara ɗaya, kin gama."

Najiba ta sunkuyar da kai. Hawaye ya ɗiga a kan ledar. Ba Rahinatu ce ta tambaye ta ba, ita ce ta soma faɗa a hankali. A shekararta ta biyu, zuwa makaranta a garinsu ya zama laifi a wajen 'yan bindiga. Ɗalibai kan ɓoye littafi cikin buhun kasuwa. Yayanta Bakari, ɗan acaba, shi ne yake kai ta jarrabawa ta lunguna, ya ce ko sama da ƙasa za su haɗu sai ta rubuta. Ranar takardar ƙarshe ya sauke ta a bakin ƙofa, ya ce ta jira shi nan idan ta fito. Ta jira har aka rufe ƙofar. Washegari aka tsinci gawarsa kusa da wata gada.

 Rahinatu ta koma ga abin da ta iya.

"Abu ɗaya zan gaya miki, ki riƙe shi da kyau. Ki kai dosiyenki, wato takardun nan naki gaba ɗaya, wajen kwamitin nan. Kada ki yarda a yi miki rajista a matsayin sabuwar ɗaliba. In aka yi, sun ɗauka ba ki taɓa shiga aji ba."

"Ai Baba ya ba Alhaji maganar."

"Wane Alhaji?"

"Alhaji Idirisu. A gidansa muka sauka."

Rahinatu ta ajiye takardun. Alhaji Idirisu baffanta ne, wan mahaifinta, kuma ta san yadda abin yake. Tun zamanin kakanni, baƙon da ya sauka a New Bell ba ya neman komai da ƙafarsa. Rumfa a kasuwa, katin zama, gado a asibiti, duk mai masauki ne zai nema masa. In ka ba shi magana, ka ba shi ke nan. Ba a tambayarsa ina aka kwana, ba a bi ta bayansa. Tsarin ya rufa wa dubban mutane asiri, Rahinatu ba ta musun haka. Amma an yi shi ne don fataken goro da shanu, yau kuma ana auna karatun jami'a da shi.

Da yamma ta same shi a barandar gidansa, yana shan shayi, ruwan sama na dukan kwano.

"A'a, Madam Bonapriso! Yau an tuna da talakawa?"

"Baffa, barka da hutawa. Maganar Najiba ce ta kawo ni, 'yar Malam Awalu."

"An gama. Ina da mutum a makarantar."

"Baffa, ba wuri ake nema mata ba. So ake a ƙirga mata abin da ta riga ta karanta. Akwai kwamiti..."

"Kwamiti!" Ya yi dariya har da buga ƙafa. "Uwata, tun ba a haifi ubanki ba nake shigar da yara makaranta a garin nan. Ke kanki wa ya kai ki? Kwamiti ne?"

"Kai ne, Baffa. Amma wannan daban ne."

"To sha shayi. Kulsum, kawo wa Madam kofi mai hannu, ba ta iya shan namu ba."

Ta sha shayin. Har yau, in ta tuna, wannan kofin ne ya fi ba ta haushi. Ta yi bayani sau biyu, ya gyaɗa kai sau biyu, ta san bai ji ba, ta tashi ta tafi don kada a ce ta yi wa babba rashin kunya.

Bayan 'yan makonni labari ya zagaya unguwa. Alhaji ya samo wa 'yar baƙinsa makaranta, alhali an rufe ɗaukar ɗalibai. Da bakinsa ya faɗa a ƙofar masallaci bayan Juma'a, aka yi ta sa masa albarka. Matan gidan suka soya ƙosai da fanke aka raba. Malam Awalu, wanda tun zuwansa ba a ga haƙoransa ba, ranar ya yi dariya.

Najiba ta kawo wa Rahinatu katin makarantar. Ta ajiye shi a kan tebur. Hotonta ne, da sunanta, a ƙasa an rubuta aji ɗaya.

"C'est pas vrai! Ba zai yiwu ba," in ji Rahinatu. "Kin gaya musu?"

"Na gaya wa Baba. Ya ce in gode wa Allah, wasu ko wurin ba su samu ba."

Ranar Litinin Rahinatu ta nemi izini a ofis, ta hau bendiskin, wato acaba, zuwa Ndogbong. Matar da ke kula da rajista ta saurare ta da kyau. Ta ce abin yana gyaruwa. Ɗalibar ta zo da kanta ta sa hannu cewa ta janye wannan rajistar, sannan ta shigar da dosiyenta kafin kwamiti ya zauna ranar Alhamis. In ya tashi, shi ke nan. Wanda ya fara aji ɗaya a nan, a nan zai ci gaba, ba a dawowa baya a ƙirga masa komai.

Daga can gidan baffanta ta wuce kai tsaye, ko gida ba ta biya ba. Ta tarar an idar da La'asar, dattawa sun cika barandar, Malam Awalu na zaune a gefen tabarma. Ya kamata ta gaishe su ta shige ciki, ta jira ya keɓe. Ta san haka sarai. Amma tun daga kan babur jininta ke tafasa.

"Baffa, rajistar da aka yi wa Najiba kuskure ce. Dole a janye ta kafin Alhamis."



"Rahinatu," in ji wani dattijo, "ba a gaisuwa?"

"Ku gafarce ni, Baba, ina wuni. Amma yarinyar nan shekara biyu ta yi tana karatu ana harbi a kanta. An mai da ta aji ɗaya kamar wadda ta fito sakandare jiya, mu kuma muna soya ƙosai! Na zo nan na faɗa, Baffa, a wannan barandar na faɗa maka. Sai yaushe za mu daina cewa ina da mutum, mu fara tambayar yadda ake yin abu?"

Alhaji Idirisu bai ɗaga murya ba. Ya ajiye carbinsa a kan cinya. Fuskarsa ba ta fushi ba ce, ta wanda aka mara a gaban 'ya'yansa ce. Sai a lokacin Rahinatu ta lura da yadda ya tsufa. Sau uku ya je Ndogbong da ciwon gwiwarsa, ya zauna a benci yana jiran wani yaro sa'an ɗansa, ya roƙe shi. Duk unguwa ta sani.

Ya juya wajen baƙonsa. "Malam Awalu, 'yarka ce. Ni abin da na iya na yi. In ban yi daidai ba, ga masu ilimi nan, su gyara. Na cire hannuna."

Malam Awalu ya zabura ya durƙusa, hularsa ta kusa faɗuwa. "Subhanallahi! Alhaji, wane ni? Wallahi ba da sanina ba. Mun zo ba mu da ko tabarma, ka ba mu ɗaki biyu, ka tsaya mini a mahauta. Abin da ka yi shi ne daidai. Ba wanda zai taɓa shi."

"Baba, karatunta ne fa!" in ji Rahinatu.

"'Yata, na gode. Allah ya yi miki albarka. Ki bar maganar nan." Bai dube ta ba.

A bayan gida ta sami Najiba, kusa da famfo, tana wanke kwanuka. Ta ji komai, bangon katako ne.

"Najiba, ba sa hannun Baffa ake nema ba, ba na babanki ba. Naki ne. Kin wuce shekara ashirin. Ranar Alhamis zan jira ki a ƙofar makarantar, mu shiga tare."

Najiba ta ci gaba da cuɗa tukunya. "Yaya, ke in kin tashi daga nan gidanku za ki."

"Baffa ba zai kore ku ba. Na san shi."

"Na san ba zai kore mu ba. Tuwo ma zai ci gaba da aikowa. Wa zai iya ci? Baba zai wuce ta barandar nan sau biyar a rana zuwa masallaci. A mahauta za a ce ga wanda 'yarsa ta kunyata mai masaukinsa." Ta ɗauraye tukunyar ta kife. "Kin ga ya yi dariya ranar Juma'a? Tun da aka binne Yaya Bakari ban ga haka ba."

"Shi Bakarin fa? Don me ya kai ki jarrabawar?"

Da fitar maganar ta yi nadama. Najiba ta ɗago ta dube ta, idanunta a bushe.

"Kullum da shi nake kwana, Yaya. Ba sai an tuna mini ba."

Ranar Alhamis Rahinatu ta je duk da haka. Ta tsaya a ƙarƙashin rumfar wata mai gasa masara, tana kallon mahaɗar Ndogbong, babura na kutsawa tsakanin motoci, ruwa na tsattsafi. Ɗalibai biyu daga cikin nata na Asabar suka wuce da dosiyensu, wani yaro daga Kumba da wata daga Buea, waɗanda ba su da kowa a Douala, ba su sauka a gidan kowa ba. Suka ɗaga mata hannu suna murna.

Can sai ga Najiba ta sauko daga bendiskin. Rahinatu ta taho da sauri har ta taka kwata. Sai ta ga hannunta. Babu ledar takardu. Sabuwar farar rigar ɗakin gwaji ce a ninke, da littafin rubutu ɗaya.

"Ina kwana, Yaya."

"Najiba, ofishin yana buɗe. Ko ba takardun, ki sa hannu, in hau babur in ɗauko su."

"Alhaji ne ya saya mini rigar," in ji Najiba. "Da kansa ya je kasuwa. Ya ce a gaya miki ba ya riƙe da ke."

Rahinatu ta dubi rigar. 

"Ban san wurin ba," Najiba ta ce. "Ina ne ajin 'yan shekarar farko?"

Rahinatu ta raka ta. Suka wuce ƙofar ofishin rajista, inda mutane ke layi da dosiye a hannu, suka hau bene. Ajin ya cika da yara sababbin fitowa daga sakandare, suna ta surutu da ɗaukar hoto da fararen rigunansu. Najiba ta sami wuri a can baya, ta zauna, ta buɗe littafinta.

Malamin ya shigo, ya ɗaga wata 'yar kwalbar gwaji sama, ya tambaya da Faransanci ko akwai wanda ya san sunan wannan. Yaran suka yi ta kallon juna suna dariya. Ta taga Rahinatu ta ga leɓen Najiba ya motsa, amma ba ta ɗaga hannu ba. Da malamin ya faɗi sunan, ta sunkuya ta rubuta tare da kowa.