Ledar da Tayyiba Ta Rataya a Rumbu

Duk Sule Tankarkar babu wanda bai san jan waken Kawu Ɗalha ba. Irin mahaifinsa ne. A shekarar babban fari, da mutane suka cinye har abin shukarsu, shi ɗaure ciki ya yi da rawani, ya ci tafasa da dusa, bai taɓa ƙwaya ɗaya ba. Bai san ƙofar aji ba, amma yakan ce yunwa ta gwada shi ta koma da kunya.

Bana ƙwari suka shiga rumbun. Ya zuba toka, ya zuba barkono, suka ƙi fita. Maganin kasuwar Maigatari kuwa ya rantse ba zai kusanci irin ubansa ba.

Sai Tayyiba, 'yar ƙanwarsa, malamar gona a Gumel, ta zo da wata faffaɗar leda. Ta goge ta da buzun rago har ta fara ƙas-ƙas, irin tartsatsin da riga ke yi da rani, ta rataye ta a cikin rumbu. Kawu na tsaye, ƙwarin da suka tashi suka manne mata kamar an kira su. Ta ce ya riƙa kakkaɓe su a wuta yana sake gogawa, kuma kada ruwa ya taɓa ledar.

Da ta tafi, abin ya tsaya masa a rai. Bai taɓa sa sabon abu a rumbu ba sai an yayyafa masa rubutu, kuma a wurinsa rubutu ba ruwa ba ne. Kullum sai ya yayyafa, sannan ya goga. Ƙas-ƙas ɗin ya ɗauke, ƙwari suka daina manne wa ledar. Ya ce ƙwari sun tsorata ne, har ya ba da labari a majalisa.

Ran da Tayyiba ta dawo, ta shafa ledar ta ji danshi. Ta tsoma hannu cikin waken, ya fito da gari.

"Kawu, me aka sa mata?"

"Abin da ya fi ki sani, 'yar nan."

Suka baje waken a tabarma suna tsintar wanda bai huje ba. Har la'asar, bai rufe gindin ƙwarya ba.

Kawu ya ce da ƙasa da wannan ya fito daga fari. Amma da ya zo ɗaukar ƙwaryar sai ta nemi suɓucewa, Tayyiba ce ta tallafe masa.